Tambayoyi da amsoshi kan nazarin Littafi Mai Tsarki bi da bi don gane shirin Allah ga ɗan Adam

Waɗannan sune tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son su zauna su yi nazarin Baibul da gaske amma basu san ta ina za su kama ba. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole su yi tsawo, sai a yi haƙuri.

Me ake nufi da nazari bi da bi? Ai ina karatu kullum da safe.

Karatun safe abu ne mai kyau ɗan'uwa, kar ka bari. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, abinda yawancinmu muke yi shine mu buɗe duk inda hannu ya faɗa, ko mu ɗauki ayar da wani ya turo mana a waya, mu karanta layi biyu muce amin mu rufe. Sai kaga mutum ya shekara goma yana haka amma in ka tambaye shi me ya kai Isra'ilawa Babila, ko tsakanin Iliya da Ishaya wa ya riga wani, sai ya tsaya yana kallonka. Kaman a turo maka saƙon murya mai minti goma ne ka saurari sakan biyar daga tsakiya kace ai ka gane maganar.

Nazari bi da bi shine ka ɗauki littafi ɗaya ka fara daga sura 1 aya 1 ka bi shi har ƙarshe, kana tambayar wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ke faruwa da su a lokacin, sannan ina wannan littafin ya zauna a cikin babban labarin da ya taso daga Farawa ya ƙare a Wahayin Yahaya. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ake yawan tsallakewa, ita ce kuma take nuna shirin Allah.

To wai menene wannan shirin Allah ɗin da ake ta faɗa?

A taƙaice, Allah ya halicci mutum don ya zauna tare da shi, mutum ya juya baya, Allah kuma bai haƙura da shi ba, ya ɗauko hanyar dawo da shi, hanyar ta bi ta cikin iyali ɗaya har ta kai ga Yesu Almasihu, daga nan ta buɗe wa dukan kabilun duniya. Amma gara ka ga zaren da idonka da a faɗa maka.

Farawa 1 da 2 halitta ce, komai da kyau. A sura 3 aka yi faɗuwar, kuma tun a nan, aya 15, aka ce zuriyar macen zai ƙuje kan macijin. Daga sura 4 zuwa 11 abubuwa sai ƙara lalacewa suke, Kayinu ya kashe Habila, ga ruwan tufana, ga hasumiyar da aka gina har aka warwatsa mutane kowa da yarensa. Sai kawai a sura 12 labarin ya bar duniya gaba ɗaya ya koma kan mutum ɗaya, Ibrahim, tsoho mara ɗa, Allah ya yi masa alkawarin ƙasa da zuriya da kuma cewa ta wurinsa dukan kabilun duniya za su sami albarka. Dan Allah ka riƙe na ukun nan da kyau don duk sauran littafin a kansa yake tafiya, har Bulus a Galatiyawa 3:8 yace bishara ce aka yi wa Ibrahim tun da wuri.

Zuriyar ta yi yawa a Masar, ta shiga bauta, Musa ya fito da su, a Dutsen Sina'i aka ba su Shari'a aka ce za su zama mulkin firistoci (Fitowa 19:6), wato ba don kansu kaɗai aka zaɓe su ba. A 2 Sama'ila 7 Allah ya yi wa Dawuda alkawarin kursiyin da ba zai ƙare ba. Amma sarakunan da suka biyo baya yawancinsu suka kauce, annabawa suka yi ta kashedi ba a ji ba, har aka kwashe mutane zuwa bauta, Haikali ya zama toka. A daidai wannan lokacin da komai ya rushe ne Irmiya ya yi maganar sabon alkawari, wanda za a rubuta a zuciya, za a kuma gafarta zunubi (31:31-34).

Yanzu in ka buɗe Matiyu 1:1 ka ga an kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim, za ka gane ba jerin sunaye kawai ake maka ba, ce maka ake ga wanda alkawuran nan biyu suke jira. Da daren da aka bashe shi ya ɗaga ƙoƙo yace wannan ne sabon alkawari a cikin jininsa (Luka 22:20), maganar Irmiya kenan. Ya mutu, ya tashi, ya aiki almajirai daga Urushalima zuwa iyakar duniya. Afisawa 1:10 ta faɗi inda aka dosa, a tattara komai na sama da ƙasa a ƙarƙashin Almasihu. Wahayi 7:9 ta nuna taro daga kowace kabila da harshe, sura 21 da 22 kuma Allah yana zaune da mutane, babu mutuwa, itacen ran da aka tsare hanyarsa a Farawa 3 ya dawo.

Daga ina zan fara, Farawa ko Sabon Alkawari?

Ni shawarata ka fara da Markus. Sura 16 ne kawai, labarin yana gudu, wajen awa ɗaya da rabi ka gama shi in ka zauna. Ka fara sanin Yesu tukun, tunda shi da kansa a Luka 24 yace Attaurar Musa da annabawa da Zabura a kansa suke magana. Daga nan ka koma Farawa da Fitowa 1 zuwa 20, sai Luka da Ayyukan Manzanni tare don mutum ɗaya ne ya rubuta su kuma na biyun ci gaban na farkon ne, sai Joshuwa har zuwa 2 Sarakuna, sannan Romawa. Wanda yace shi daga Farawa zai fara ya miƙe har ƙarshe bai yi laifi ba, sai dai mutane da yawa masu wannan niyyar a Littafin Firistoci ake neman su a rasa.

Ashe littattafan ba a jere suke bisa lokacin da abubuwa suka faru ba?

A'a, bisa irinsu aka jera su. Shari'a, sai tarihi, sai waƙoƙi da hikima, sai annabawa. Wannan yake ruɗa mutane don sai ka gama tarihi gaba ɗaya har an dawo daga bauta, sannan ka iske Ishaya yana magana kan abinda ya wuce shekaru ɗaruruwa baya. Maganin abun shine ka haddace 'yan shekaru kaɗan, duka kafin haihuwar Almasihu: Dawuda wajen 1000, rabuwar mulki gida biyu bayan Sulemanu wajen 930, Assuriyawa sun cinye Samariya a 722, Babiloniyawa sun rushe Urushalima a 586, Sairus sarkin Farisa ya bada izinin komawa gida a 538, an gama Haikali na biyu wajen 516. Tsakanin Malakai da zuwan Yahaya Mai Baftisma kuma akwai shekara wajen 400.

In kana da waɗannan a kai to duk annabin da ka ɗauka ka duba ayarsa ta farko, yawanci yana faɗin sarakunan zamaninsa. Ishaya 1:1 ta ambaci Azariya da ake kira Uzziya, da Yotam, Ahaz da Hezekiya, sai ka karanta shi da 2 Sarakuna 15 zuwa 20 a gefe. Haggai da Zakariya kuma da Ezra 5 da 6 suke tafiya. Wasiƙun Bulus ma ba bisa lokaci aka jera su ba, kusan bisa tsawo ne, shi yasa Romawa ke gaba Filimon ke baya alhali 1 Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50 ko 51, ta riga Romawa.

Zai ɗauke ni tsawon wane lokaci?

Littattafai 66 ɗin suna da sura 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabo 260. Sura uku zuwa huɗu a rana ka gama a shekara. Wani fasto ɗan Sikotilan mai suna Robert Murray M'Cheyne ya tsara wa ikilisiyarsa jadawali a 1842 wanda har yau ake bi, wajen sura huɗu a rana daga wurare dabam dabam, a shekara mutum ya karanta Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Amma karantawa daban nazari daban. Inaga abinda yafi shine ka haɗa biyun, karatu mai gudu don ka ga labarin gaba ɗaya, sannan littafi ɗaya da kake zaune a kai wata ɗaya ko biyu kana tono. In shekara biyu ya ɗauke ka ba wanda zai ci tararka, sannu bata hana zuwa.

In na buɗe sura, me zan yi takamaimai?

Tambaya uku, kuma a jere. Me nassin ya ce, me yake nufi ga waɗanda suka fara jinsa, sannan me yake nema daga wurina. Matsalarmu ita ce muna tsalle mu faɗa ta ukun tun bamu gama ta farko ba.

Bari mu gwada da ayar da kusan kowa ya sani, Irmiya 29:11, inda Allah yace ya san shirin da yake da shi dominku, na alheri ba na masifa ba. Ana sa ta a kati, ana turawa mai neman aiki ko mai jarabawa. To koma aya 1. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Koma sura 28, wani annabi Hananiya yana ta faɗa wa mutane cewa nan da shekara biyu komai zai dawo daidai, abinda kunne ke son ji kenan. Irmiya yace sam. A aya 5 zuwa 7 yace musu ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar garin da ya cinye ku har ku yi masa addu'a. Aya 10 kuma, wadda take manne da ayar tamu, tace sai shekara 70 ta cika. Lissafa kaga, mutumin da yake da shekara 40 ranar da aka karanta wasiƙar a Babila za a binne shi. Kuma "ku" aka ce, jama'a ake wa magana.

Wannan ya kashe ayar? Ni a ganina ƙarfi ya ƙara mata. Ba alkawarin cewa wahalarka za ta ƙare wata mai zuwa bane, shaida ce cewa Allah yana riƙe da alkawarin da ya yi wa Ibrahim da Dawuda ko da Haikali zai rushe, kuma yana son mutanensa su yi rayuwa ta aminci a inda basu so zama ba. Wanda ya daɗe cikin jira wannan ya fi riƙe shi. Haka ma Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, ka karanta aya 11 da 12 ka ga Bulus yana kurkuku ne yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa.

Ka samu ɗan littafin rubutu da biro. Kowace sura ka rubuta mata taƙaitawa layi ɗaya da kalmominka, ka rubuta kalmomin da suke ta maimaituwa, da tambayar da baka samu amsarta ba. In ka kasa taƙaita sura a layi ɗaya to sake karantawa.

Na kai Littafin Firistoci na maƙale, in tsallake?

'Yar'uwa ba ke kaɗai bace. Kar ki tsallake, amma ki canza yadda kike karanta shi. Fitowa ta ƙare da ɗaukakar Allah ta cika alfarwa har Musa ya kasa shiga, to tambayar da Firistoci (wasu fassarori suna kiransa Lawiyawa) yake amsawa ita ce ta yaya Allah mai tsarki zai zauna a tsakiyar mutane masu zunubi basu hallaka ba. Duk hadayun nan amsar kenan. Ki je sura 16, Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara babban firist ya shiga Wuri Mafi Tsarki da jini, ga bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan a ɗora masa zunuban jama'a a kore shi jeji. Sai ki buɗe Ibraniyawa 9 da 10 nan take. Mutum ba zai gane Ibraniyawa ba in bai san Firistoci ba, iyakar gaskiya kenan. Kuma umarnin ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka da Yesu ya kira na biyu mafi girma, daga nan ya fito, 19:18. Surorin cututtukan fata kuwa ki karanta da sauri ki wuce, ba laifi bane.

Dokokin Tsohon Alkawari suna kanmu har yanzu?

An yi wannan gardamar tun zamanin manzanni. A Ayyukan Manzanni 15 aka taru a Urushalima kan ko sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya sun bi Shari'ar Musa kafin su sami ceto, aka yanke cewa a'a. Hadayu sun cika a kan gicciye, Markus 7:19 ta taɓa maganar abinci, Kolosiyawa 2:16-17 ta kira idodi da Asabar inuwar abinda ke zuwa. Amma kisa, zina, sata, shaidar zur, bautar gumaka, duk Sabon Alkawari ya sake hana su, Romawa 13:8-10 tace ƙauna ce cikar Shari'a. Akwai wuraren da ikilisiyoyi basu daidaita ba har yau, kaman kiyaye Asabar da yadda za a bada zakka, a nan ka saurari hujjar kowane ɓangare daga nassi kafin ka yanke wa wani hukunci.

Lambobin sura da aya, tun asali suke?

A'a. Surorin da muke amfani da su ana danganta su ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna taimakawa wajen nemo wuri amma wani lokaci suna yanke magana a tsaka. Waƙar Bawan Ubangiji da muke cewa Ishaya 53 a 52:13 ta fara. 1 Korantiyawa 13 kuma, surar nan ta ƙauna, tsakiyar faɗa ce da Bulus yake wa ikilisiya kan fahariya da baye-bayen Ruhu, ka karanta 12 zuwa 14 a zama ɗaya za ka ji ta daban.

Me yasa Baibul ɗin Katolika ya fi namu yawan littattafai?

Nasu 73 ne, na Furotesta 66. Sabon Alkawari iri ɗaya ne, littattafai 27, waɗanda Atanasiyus bishop na Iskandariya ya lissafa su cif a wasiƙarsa ta 367. Bambancin a Tsohon Alkawari yake, Katolika suna da ƙarin bakwai, Tobit, Judit, Makabiyawa 1 da 2, Hikima, Sirak da Baruk, da wasu ƙarin sassa a Esta da Daniyel. Waɗannan suna cikin tsohuwar fassarar Helenanci da ake kira Septuwajint amma basa cikin jerin Ibrananci na Yahudawa. Furotesta suka bi jerin Ibrananci, Katolika kuma suka tabbatar da nasu a taron Tirent a 1546. Zaren alkawuran da muka bi a sama yana nan a duka biyun.

Ta yaya zan tabbata ba a canza littafin ba?

Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata Kirista ya ji tsoronta ba. Ainihin takardun da marubutan suka rubuta da hannunsu babu su, kwafi ne muke da su, amma da yawan gaske. Na Sabon Alkawari a Helenanci sun haura 5,000, akwai ɗan guntun Yahaya 18 da ke Manchesta a Ingila wanda masana suke sa shi a ƙarni na 2, akwai kundin Sinaitikus na ƙarni na 4 mai ɗauke da Sabon Alkawari cikakke. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a koguna kusa da Tekun Gishiri, a Kumran, ciki harda Ishaya kusan cikakke wanda ya girmi kwafin Ibrananci da ake dogara da su da shekara wajen 1,000, da aka gwada su sai aka ga sun yi kusa sosai, yawancin bambancin na rubutun kalma ne.

Bambance-bambance tsakanin kwafi akwai su, ba a ɓoye ba. Manya biyu sune Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11, basa cikin kwafi mafi tsufa, kuma yawancin bugun zamani suna faɗa maka haka a ƙasan shafi. Ka riƙa karanta waɗannan ƙananan rubutun na ƙasa, don kai aka sa su.

Sai na iya Ibrananci da Helenanci? Wace fassara zan riƙe?

Ba dole bane ko kaɗan. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, 'yan sassa a Daniyel da Ezra da Aramiyanci, Sabon kuma da Helenancin da talakawa suke yi a lokacin. Ka riƙe fassarar yaren da zuciyarka ta fi ji. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, daga baya aka yi sabbin fassarori masu sauƙin harshe, shi yasa za ka ji wani yace Yohanna wani yace Yahaya, wani Kubawar Shari'a wani Maimaitawar Shari'a, duk abu ɗaya ne. Dabara mai sauƙi ita ce ka ajiye fassara biyu, yanzu ma a manhajar waya kyauta ake samu, in aya ta yi maka duhu a ɗaya ka duba ɗayar.

Ai Ruhu Mai Tsarki zai koya min, me zan yi da littafin sharhi ko malami?

Eh zai koya maka, shi yasa ake fara nazari da addu'a. Amma duba Ayyukan Manzanni 8. Wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin karusa yana karanta Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, yace ina zan gane in ba wanda ya bishe ni. Wa ya tura Filibus wurin? Ruhun ne. Bitrus da kansa yace akwai abubuwa masu wuyar ganewa a wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16), to in manzo ya faɗi haka kai ma ba kunya bane ka tambaya.

Ɗaya gefen kuma kar ka miƙa wa wani ƙwaƙwalwarka. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 don suna bincika Nassi kullum su ga ko abinda Bulus yake faɗa haka ne, Bulus fa. Saboda haka ka fara karantawa da kanka ka rubuta abinda ka gani, bayan nan ka buɗe sharhi ko ka kai wa fasto tambayarka. In kuma ka gano wata sabuwar ma'ana da ba Kiristan da ya taɓa gani cikin shekara 2,000, ka ɗan yi zargin kanka tukun. Nazari da mutum uku ko huɗu yana rage irin wannan, wani zai ga abinda idonka ya tsallake.

Ni Wahayin Yahaya nake so in gane, da alamun ƙarshen duniya.

Kowa haka yake so, amma bar shi ya zama na ƙarshe. Kusan duk hotunan da ke ciki daga Daniyel, Ezekiyel, Zakariya da Fitowa aka ɗauko su, wanda bai karanta waɗannan ba dole ya cike gurbin da labaran rediyo da na intanet. Ka tuna kuma wasiƙa ce Yahaya ya aika daga tsibirin Batmusa zuwa ikilisiyoyi bakwai na gaske a yankin da yanzu yake Turkiyya, mutane masu shan tsanani a ƙarƙashin mulkin Roma, kuma sun gane saƙon, Ɗan Ragon, wato Yesu, ya yi nasara, ku jure. Batun shekara dubu na sura 20 Kiristoci masu tsoron Allah sun daɗe suna da ra'ayi dabam dabam a kai.

Masu sa rana kuwa ka guje su. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, dukansu da Baibul a hannu da lissafi mai tsawo, gari ya waye kaman kullum. Matiyu 24:36 ta riga ta ce ba wanda ya san ranar.

Duk wannan shirin duniya ne, ni shirin Allah a kaina nake nema, wa zan aura, wane aiki zan yi.

Na gane, kuma ba laifi bane. Amma ba za ka iske sunan matarka a Zabura ba, kuma buɗe littafi ido a rufe a dangwala yatsa ya fi kama da duba da nazari. Inda Sabon Alkawari ya fito fili yace ga nufin Allah dominku, abubuwan da yake ambata sune zaman tsarki (1 Tasalonikawa 4:3), godiya a kowane hali (5:18), Romawa 8:29 kuma tace a mai da mu kamannin Ɗansa. Mika 6:8 tace adalci, jinƙai da tafiya da Allah cikin tawali'u. Mutumin da ya jiƙu da waɗannan, in zaɓin aure ko aiki ya taso, rabin ƙofofin da kansu suke rufewa, sauran kuma ya yi addu'a ya nemi shawarar manya cikin bangaskiya ya zaɓa.

Ka lura da mutanen cikin labarin ma. Rut kala take yi a gona don ita da surukarta su ci, bata san kakar mahaifin Dawuda ce za ta zama ba, balle ta san sunanta zai shiga Matiyu 1. Yusufu sai a Farawa 50:20, bayan rami da bauta da kurkuku, ya iya cewa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta Allah ya nufe shi da alheri. Babu wanda aka ba taswirar rayuwarsa tun farko a cikinsu.

Na fara na fasa kwanaki da yawa, kuma karatu yana min wuya.

Kar ka koma farko kuma kar ka ce sai ka biya bashin surorin baya a rana ɗaya, haka ake gajiya a watsar. In a Markus 9 ka tsaya to ka ɗora daga Markus 9. Wanda ido ko karatu yake ba shi wahala ya saurara, akwai na murya a waya har da Hausa, kuma ba ƙaramin nazari bane tunda yawancin Kiristocin farko da kunne suka karɓi littattafan nan, Bulus ma cewa yayi a karanta wasiƙarsa a gaban ikilisiya sannan a miƙa wa ta Lawudikiya (Kolosiyawa 4:16). Ka saurari sura ɗaya sau biyu, ka kashe, ka gwada faɗa wa wani abinda ta ƙunsa da bakinka, inda ka kakare nan ne wurin da za ka sake saurara.